Makullin feda: yaya za a ƙara masa ƙarfi ya gagari ɓarawon mota?

Mai Hilux, Garwa

Assalamu alaikum, masana. Mota ce Hilux tsohuwar yayi, mai injin dizal 5L da giyar hannu, kuma a ƙofar gida take kwana. Makullin fedar da ke jikinta irin na kasuwa ne, mai ƙugiya biyu da ke haɗe matakin birki da na kuloci. Idan an kulle shi akwai wasa sosai, yatsa yana shiga tsakanin ƙugiyar da sandar feda, kuma ɗan makullin siriri ne kamar na akwati. Tambayata: za a iya gyara wannan ya yi ƙarfi, ko kuwa a kai wa mai walda ya ƙera sabo? In sabo ne, wane kaurin ƙarfe, wane irin kwaɗo, kuma a ina ake kafa shi? Allah ya saka da alheri.

Bakanike, Yelwa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin a kai ga ƙarfe da kwaɗo, sai an fara gane abin da makullin yake hanawa, domin irin wanda kuka kwatanta bai hana abu mai yawa ba. Ya haɗe birki da kuloci wuri ɗaya, amma bai kafe su da jikin mota ba. Ke nan idan aka taka, duka biyun za su sauka tare, kuma wannan wasan da yatsa ke shiga ya isa a samu ɗan birki ko ɗan kuloci. Ƙari a kan haka, tsohuwar mota mai giyar hannu ba ta buƙatar a taka kuloci kafin ta tashi, ga hambirki yana aiki. Duk makullin da bai hana feda sauka ƙasa ba, rabin aiki ya yi.

Abu na biyu shi ne ita kanta sandar fedar. Ƙarfe ne na gama-gari mai laushi, kaurinsa 'yan milimita ne kawai, an yi shi don ya jure taku daga sama zuwa ƙasa, ba don ya jure tura ta gefe ba. Shi ya sa ake iya lanƙwasa shi gefe har ya zame daga cikin ƙugiya idan bakin ƙugiyar yana da faɗi. Komai kaurin makulli, in akwai ratar da liba za ta shiga, ratar ce za ta ba da shi. Kada rata tsakanin sanda da makulli ta wuce milimita 2.

Wurin da makullin ya kama ma yana da muhimmanci, kuma nan ne mutane da yawa suke kuskure. Suna kama fedar daga ƙasa, dab da tafin roba, saboda nan ne hannu ke kaiwa da sauƙi. To idan aka yanke sandar daga saman makullin, guntun da ya rage yana da tsawon da ƙafa za ta iya takawa. Amma idan makullin ya kama can sama, kusa da inda sandar ke juyawa a ƙarƙashin dashbod, abu biyu ne suke faruwa: wurin ya matse, zarto ba ya samun filin kai da komowa, sannan guntun da zai rage ya yi gajarta. Feda tana ninka ƙarfin ƙafa ne saboda tsawonta, kusan sau 4 zuwa 5 a birki. In tsawon ya tafi, ƙarfin ya tafi.

Akwai wani nau'i da ke haɗa feda da sitiyari da doguwar sanda. Kada ku sauya naku da shi da nufin kun ci gaba. Da'irar sitiyari siririn ƙarfe ne a cikin soso, ita ce mafi rauni a duk haɗin.

A gani na, wanda ke hannunku bai cancanci a kashe masa kuɗin gyara ba. Ku gwada shi da kanku: ku ɗora maganaɗisu a kan gidan kwaɗon. In bai kama ba, galibi gamin tutiya ne ko alminiyam, kuma irin wannan guduma ke tarwatsa shi. Sannan ku goga magagari a jikin ƙugiyar. In ya ci ya bar zane mai zurfi, ƙarfen mai laushi ne. In ya zame yana ƙara kamar a kan gilashi, to an taurara shi.

Mai walda, Domayo, Marwa

Gaskiya malam bakanike ya faɗa. Abin da ya fi dacewa da mota mai kwana a waje shi ne akwatin ƙarfe da zai rufe feda ukun gaba ɗaya, har da totur, kuma ya kafu da ƙasan mota. Ga yadda ake yinsa.

Ana farawa da kwali, ba da ƙarfe ba. A ɗaga kafet, a yanka kwali a gwada shi a wurin har sai ya zauna daidai, a zana inda kowace sanda ta bi. Kowace mota da yadda fedojinta suka karkata, don haka awon wata motar ba ya yi wa wata. A lura da sandar sitiyari da ke gangarawa ta tsakanin fedojin zuwa bangon injin, kada akwatin ya taɓa ta.

Fallen ƙarfe mai kaurin milimita 5 ya isa. Murabba'in mita ɗaya na wannan kaurin yana da nauyin kilo 39 da 'yan kai, don haka fuska ɗaya mai santimita 30 a 25 za ta tashi kusan kilo 3, ban da bayan akwatin da gefunansa. Kada a ce bari a yi da milimita 8 don ya fi ƙarfi. Nauyinsa zai ƙaru da fiye da rabi, kuma abin da mutum zai sunkuya ya ɗora safe da dare, in ya yi nauyi, sati biyu ne zai koma bayan kujera ya zauna.

Akwatin gida biyu ne. Na farko yana shiga bayan fedojin, tsakaninsu da ƙasan mota, yana da tsaga uku a bakinsa na sama inda sandunan za su zauna. Faɗin kowace tsaga shi ne kaurin sandar a ƙara milimita 2. A cikinsa, daidai ƙarƙashin birki da kuloci, a walda guntun bututu mai kusurwa huɗu a tsaye, ya tokare tafin fedar daga baya, yadda ko an hau da ƙafa biyu ba za ta sauka ba. Gida na biyu murfi ne da ke kifewa a kai, leɓensa ya hau kan na farko da aƙalla santimita 2 ta kowane gefe, don kada a ga layin haɗin balle a cusa masa liba. Waldar a yi ta daga ciki, cikakkiya, ba ɗigo-ɗigo ba. In an sa hinji, ya kasance a ciki. Hinjin da ke waje, fil ɗinsa ake bugewa.

Batun kafawa. Ƙasan mota falle ne siriri, wajen milimita 1. In aka huda shi aka ɗaura noti kawai, fizga ɗaya zai yage. Sai an sa faranti ta ƙarƙashin motar, santimita 10 a 10, kauri milimita 5, sannan wani farantin daga ciki, a matse fallen motar a tsakaninsu. A yi amfani da bol M10 guda biyu, wato masu kaurin milimita 10, masu lambar ƙarfi 8.8 a kai. Mafi kyau irin mai kai mulmulalle, wanda sifana ba ta da inda za ta kama: kan ya kasance a ƙarƙashin mota, notin a ciki, inda akwatin zai rufe shi idan an kulle. A kan farantin ciki ne ake walda ɗan harshen da akwatin zai sarƙafa. Harshen nan kada ya yi tsini sama. Bayan an gama, a cire akwatin a taka birki da kuloci da totur har ƙarshensu, a tabbata babu abin da ya tare su, kuma diddige ba ya sarƙewa.

Kafin a huda, a shiga ƙarƙashin motar da fitila a duba. Bututun mai da na birki da wayoyi suna bi ta nan. Bayan hudawa a shafa fenti mai hana tsatsa a bakin ramin, a zuba silikon kafin a ɗaure, in ba haka ba ruwan damina zai bi ramin ya jiƙa ƙarƙashin kafet, wurin ya ruɓe ba a sani ba.

Don zarto, akwai dabara biyu masu araha. Ta farko, a cikin duk bututun da aka yi amfani da shi a jefa guntun sandar ƙarfe mai tauri wadda ta fi ramin siranta, a toshe bakin biyu, a bar ta sake. Idan haƙoran zarto suka kai gare ta, sai ta riƙa juyawa, ba abin da za su ci. Ta biyu, a shimfiɗa guntun ƙarfen sifirin na tsohuwar mota a bayan fuskar murfin. Sai dai a yi hattara: ƙarfen sifirin ba ya son walda kai tsaye. Zafi yana kashe taurinsa a kusa da waldar, kuma yakan tsage idan ya huce da sauri. Gara a yi masa aljihu da falle mai laushi a zura shi ciki a rufe. In ya zama dole a walda shi, a fara ɗumama shi, a yi da sandar walda 7018 busasshiya, a binne shi cikin yashi ko toka ya huce a hankali.

Abu ɗaya da ba a yi ko kusa: ba a walda komai a jikin sandar birki, ba a huda ta. Ran mutane ne a kanta. Kuma duk waldar da za a yi a jikin motar kanta, a fara cire kan batir na nagatif, a maƙala wayar as, wato wayar injin walda da ake maƙalawa a jikin ƙarfe, dab da wurin aikin.

Mai gyaran makullai, Kusseri

Akwatin maigida mai walda ya yi, amma in aka rataya masa kwaɗon kasuwa mai dogon wuya, an zubar da aikin. Wuyan kwaɗo shi ne abin da almakashin ƙarfe ke nema. A nemi irin kwaɗon da wuyansa ke ɓoye, mai siffar faifai, faɗinsa wajen santimita 7, wanda ake sa wa ƙofar motocin kaya da shaguna. Shi ba shi da wuyan da ke fitowa waje, fil ne a cikinsa yake ratsa harshen. In ba a samu ba, a sayi mai gajeren wuya, kaurin wuyan milimita 10 zuwa sama, sannan mai walda ya kewaye shi da guntun bututu mai kauri, yadda hannu da ɗan makulli kawai za su shiga.

Zuciyar kwaɗon ita ce magana ta gaba. Masu arha suna da 'yan falle-falle ko 'yan fil huɗu a ciki, kuma sau da yawa ɗan makullin wani yana buɗe na wani. Haka ma masu ɗan makulli zagayayye kamar bututu, in na arha ne ba su da tabbas. Wanda ya fi dacewa da ƙasarmu shi ne mai faifai masu juyawa a ciki, tsarin da kamfanin Abloy na ƙasar Finlan ya shahara da shi. Dalili biyu ne: yana da wuyar buɗewa ba da ɗan makullinsa ba, sannan faifan nasa ba su dogara da ƙananan sifirin ba, don haka ƙura ba ta saurin kashe shi. Sai dai kasuwa cike take da na kwaikwayo masu kama da shi a ido, jikinsu tutiya. A duba nauyi, a gwada maganaɗisu da magagari kamar yadda aka faɗa. Kwaɗon kirki na Turai yakan zo da darajar EN 12320, wato ma'aunin ƙarfin kwaɗo, daga 1 zuwa 6. Don wannan aiki a nemi 4 zuwa sama. Rubutun da aka buga a jikin kwaɗo cewa ƙarfen mai tauri ne ba shaida ba ce, kowa na iya buga shi.

Ramin makullin ya kalli ƙasa ko ya kalli gefen giya, kada ya kalli ƙofar direba. Wanda ya buɗe ƙofa ya tsuguna, in ramin na kallonsa, injin huda zai zauna masa daidai. In ramin na kallon ƙasa da tazarar da ba ta wuce tsawon ɗan makulli da yatsu biyu ba, injin ba shi da wurin tsayawa. Mai motar zai ɗan sha wuya kwana biyun farko kafin hannunsa ya saba laluben ramin, daga nan shi ke nan.

Ga kulawa. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, kuma ƙasan mota nan ne takalmi ke zubar da yashi. Kada a ɗiga wa kwaɗo baƙin mai ko giris. Suna kama ƙura su zama taɓo, wata rana da asuba ɗan makulli ya ƙi juyawa, a matsa masa ya karye a ciki. A hura ramin da iska, a sa garin girafayit kaɗan ko man feshi mai bushewa, a liƙa ɗan murfin roba a bakin. Ɗan makulli na biyu a ajiye shi a gida, ba a cikin mota ba, kuma kada na fedar ya zauna a zobe ɗaya da na mota lokacin da aka bar ta wurin wanki ko gareji.

Mai Hilux, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura abu ɗaya. Wani ya ba da shawarar a yi makullin yadda zai danne birki ƙasa ya riƙe, wai ko turawa ba za a iya yi ba. Wanne ya fi, a danne ko a tokare?

Mai wayarin mota, Njamena

A tokare, Alhaji. Dannewa tana da illa biyu. A yawancin motoci fitilar birki tana kamawa ko an zare makulli. Ƙwai biyu masu wat 21 suna jan wajen amfiya 3 da rabi. A awa 10 na dare an sha amfiya-awa 35, rabin batir mai 70 ke nan, kuma dizal ba ya tashi da batir mai rauni. Na biyu, barin man birki cikin matsi dare bayan dare yana gajiyar da robobin masta, wato famfon da feda ke tura man birki da shi, da tiyo, kuma in akwai ɗan yoyo a wani wuri, matsin zai sauka kafin safe, birkin ya saki da kansa. Ko a tsarin tokarewa ma, bayan an kulle a zagaya bayan mota a duba fitilar. Idan akwatin ya ɗan tura fedar ƙasa, ko da milimita kaɗan ne, ya isa ya kunna ta.

Masu otomatik da ke karanta wannan su lura: gaskiya ne giya ba ta fita daga P, wato fakin, sai an taka birki, amma yawancinsu suna da maɓallin gaggawa kusa da sandar giya da ke sakinta. Don haka su ma akwatin ya rufe totur, kada a tsaya kan birki kaɗai.

Sai maganar da ba a so a ji. Injin yankan ƙarfe na hannu mai batir yana cin duk abin da aka lissafa a sama, har ƙarfen sifirin. Abin da akwatin ke saya muku shi ne mintuna, da ƙara, da tartsatsi a cikin mota, kuma a unguwar da akwai maƙwabta da mai gadi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ya kamata a samu wani shinge na biyu wanda ido ba ya gani.

A injin 5L mai famfon dizal na gargajiya, akwai solonoyid mai waya ɗaya a jikin famfon, wato ɗan bawul ɗin da wuta ke buɗe wa mai hanya da shi. In wuta ba ta je masa ba, mai ba ya wucewa, sitata za ta yi ta juyi injin bai tashi ba. Ana yanke wannan wayar daga cikin ɗamarar wayoyi a ƙarƙashin dashbod, a bi da ita ta ɓoyayyen makunni. Rauninsa shi ne wanda ya san injin zai iya kai masa wuta daga batir in ya buɗe bonet, don haka a kare wayar buɗe bonet, ko a sa wa bonet ɗin nasa makulli. A motocin fetur irin su Corolla da Carina, rilen famfon mai ake katsewa (rile ɗan makunni ne da wuta ke kunnawa), kuma a ɓangaren da ke kunna rilen, wato ƙafa 85 ko 86 a rile na gama-gari, ba ɓangaren 30 da 87 da ke ɗauke da wuta mai yawa ba. Ƙaramin makunni ba ya jure wutar famfo, zai yi zafi ya narke. Motar takan tashi da ɗan man da ya rage a bututu, ta yi daƙiƙa kaɗan ta mutu, wanda ke ciki ya ɗauka lalacewa ta yi.

Haɗin wayar a yi shi da dalma, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, a naɗe shi cikin ɗamarar da baƙin tef kamar yadda ya fito daga kamfani. Kada a murɗa waya da hannu a naɗe. Hanya irin ta Mora zuwa Kusseri tana girgiza komai, kuma haɗin da ya saki ana cikin gudu yana kashe injin, sitiyari ya yi nauyi, birki ya taurare bayan taku biyu ko uku. A zafin Afrilu, da ake haura digiri 40, gam ɗin tef mai arha narkewa yake yi ya zame. Makunnin kada a sa shi ƙarƙashin sitiyari ko kusa da akwatin fis, nan hannu ke fara zuwa.

In za a ƙara na'urar bin sawu mai layin waya, a tuna da iyaka. Tsakanin Kusseri da Njamena gadar Ngeli ce kawai, kuma daga Garwa iyakar Najeriya ba nisa. Layin MTN ko Orange na Kamaru da ba a buɗe masa aiki a ƙetare ba zai yi shiru da zarar ya fita daga inda sabis ɗinsa ke kaiwa, haka Airtel ko Moov na Cadi. A gwada layin a ƙetaren kafin a rufe shi cikin mota, kuma na'urar ta kasance mai ɗan batirinta. Takardar mallakar mota, kat giriz, kada ta kwana a ciki.

Duk wannan na motar da aka ajiye ne. Wanda aka tare da makami a hanya ya miƙa makulli kawai.

Bakanike, Yelwa

Ƙari ɗaya kan akwatin, Alhaji. Idan an cire shi za a tuƙa, kada a tura shi ƙarƙashin kujerar direba, kada kuma a ajiye shi a ƙasa gefen ƙafa. Birki ɗaya mai ƙarfi zai sa ƙarfe mai nauyi haka ya sulalo gaba ya shige ƙarƙashin feda. A yi masa wurin zama a bayan kujerar baya, a ɗaure shi da bel. Sannan a leƙa sama a duba notin da fedojin ke juyawa a kansa: in ana iya kai masa sifana alhali akwatin na kulle, a ce wa mai walda ya ƙara wa murfin leɓe ya haura ya rufe shi.